Tiyatar zuciya: mutum nawa aka yi wa, kuma suna ina yanzu?

Duk sanda tawagar likitoci ta zo daga waje, ko wani asibiti namu ya yi aikin zuciya, labarin iri ɗaya ne za ka ji a rediyo ka gani a Facebook, an yi nasarar yi wa mutum kaza tiyatar zuciya, ga hoton likitoci cikin korayen kaya, ga manya sun zo dubiya, mu kuma mu cika wajen da masha Allah da Allah Ya saka da alheri. Kuma wallahi abin murna ne, ni ma ina cikin masu addu'ar. Amma akwai tambayar da ta daɗe tana cina a rai, bayan wata ɗaya mutum nawa ne a cikinsu suke raye? Bayan shekara fa? Wa ya koma ya duba, a ina aka rubuta, kuma in uba ya zo yau da 'yarsa yana so ya san wane asibiti ne hannunsu ya faɗa a irin aikin da za a yi mata, me za a nuna masa banda ji-ta-ji-ta?

Abin da ake kira rajistar tiyatar zuciya ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Kundi ne guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya, duk asibitin da ya buɗe ƙirjin mutum sai ya shigar da bayanin a ciki, shekarun mara lafiyar, ciwon da ya kawo shi, yadda ƙarfin zuciyarsa yake a hoton zuciya da ake kira eko kafin aiki, ko yana da suga ko ciwon ƙoda, aikin gaggawa ne ko an shirya, wane irin aiki aka yi, minti nawa ya yi a kan injin nan da ke karɓar aikin zuciya da huhu. Sannan abin da ya biyo baya, an koma da shi ɗakin tiyata saboda zubar jini, ɗinkin ya yi ruwa, ɓarin jiki ya shanye, ko ya rasu. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne kwana 30, wato ko an sallami mutum ya koma gida in ya rasu cikin kwana 30 ana lissafa shi a kan wannan aikin.

A Amurka ƙungiyar likitocin tiyatar ƙirji ta fara nata kundin a 1989, a shekarar ne kuma jihar New York ta fara tattara sakamakon aikin nan na sauya wa jini hanya idan jijiyoyin zuciya sun toshe. Daga 1989 zuwa 1992 mace-macen wannan aikin a jihar ya ragu da wajen kashi 41 cikin 100 idan an yi la'akari da tsananin ciwon waɗanda aka yi wa. Ba wani sabon inji aka sayo ba fa, asibitocin da suka ga suna baya ne suka zauna suka binciki kansu, wasu likitocin da ba sa yin aikin da yawa kuma sakamakonsu ba kyau suka daina yi. A 1991 wata jarida, Newsday, ta je kotu ta samu sakamakon kowane likita da sunansa ta buga, daga nan rigima ta tashi, zan dawo kanta.

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Bristol a Ingila. Wani likitan sa barci, Stephen Bolsin, ya fara aiki a babban asibitin garin a 1988, ya lura aikin zuciyar jarirai yana ɗaukar lokaci fiye da kima kuma yaran suna mutuwa, sai ya fara rubutawa da kansa yana tara alƙaluma, ya yi ta kai ƙorafi sama shekara da shekaru ba a ɗauki mataki ba, ƙarshe shi ne ya bar ƙasar ya koma Ostireliya. Kwamitin bincike ƙarƙashin Ian Kennedy ya fitar da rahoto a 2001, ya ce tsakanin 1991 da 1995 jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya 30 zuwa 35 ne suka rasu a kan abin da ake tsammani da a wani asibitin aka yi musu. Abin da zai ƙara ɗaga maka hankali, Birtaniya tana da rajistar tiyatar zuciya tun 1977. Alƙaluman suna nan, ana turawa ana tarawa, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin ya duba ya ce a dakata. Dan haka in na ce a yi rajista ba ina nufin a buɗe shafi a intanet a yanka ƙyalle ba, ina nufin da mutanen da aikinsu kenan su karanta, kuma suna da ikon su ɗaga waya su ce wa shugaban asibiti ku tsaya tukuna mu ga me ke faruwa.

Mu a Najeriya aikin ya daɗe da farawa, a 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a asibitin koyarwa na Inugu, Magdi Yacoub ya zo daga Landan suka yi tare da su Farfesa Fabian Udekwu. Amma daga 1974 zuwa 2000 aiki 102 kacal aka yi a can, wato kamar huɗu a shekara. Jamus kuwa duk shekara suna yin wajen dubu 90 zuwa dubu 100, kuma duk shekara ƙungiyar likitocinsu na buga rahoto, aiki nawa, wane iri, nawa suka rasu a asibiti. Yanzu an samu ci gaba a nan, asibitocin gwamnati da na kuɗi da dama suna yi, likitocin suna da ƙungiyarsu ACTSON, an kuma fara kundin da ake kira Nigeria Heart Registry, waɗanda suka ɗauki wannan wahalar Allah Ya biya su. Abin da nake so shi ne kada a bar shi a ganin dama, ya zama duk wanda zai taɓa zuciyar ɗan Najeriya, asibitin gwamnati ne ko na kuɗi ko baƙin da suka zo na mako biyu, sai ya shigar, mai kyau da mara kyau. Kundin da kowa ke zaɓar abin da zai sa a ciki ai talla ce.

Ni abin ya shigo gidanmu ne ta 'yar yayata. Tun tana ƙarama take yawan ciwon maƙogwaro, a sayo magani a kemis ya lafa a manta, har ta kai in ta hau bene sai ta zauna a tsakiya tana haki, dare kuma sai an tara mata filo ta jingina dan in ta kwanta flat ɗin nan na kowa numfashi ya gagara. Aka yi eko aka ce bawul ɗin zuciyarta, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, ya lalace sai an sauya. Ranar da muka zauna da likitan, Yaya ta yi shiru har ya gama bayani, sannan ta ce, "Likita dan Allah ka gaya min tsakani da Allah, waɗanda kuka yi wa irin wannan, suna tashi?" Ya ce, "Hajiya, muna yi kuma in sha Allahu ana samun sauƙi." Na ce, "Ranka ya daɗe, kamar cikin mutum nawa?" Sai ya ɗan yi jim, ya ce gaskiya ba shi da lissafin a hannu. Ban zarge shi ba wallahi, mutumin kirki ne kuma ya yi mana ƙoƙari, ba a ba shi abin da zai amsa da shi ba ne. Amma ka duba, gida za a sayar, gona za a jinginar, rai za a miƙa, amsar da za a samu ita ce ana samun sauƙi. Mai shagon unguwa ma yana da littafin da zai buɗe ya gaya maka wa ya biya wa bai biya ba.

Alhamdu lillahi an yi mata ta tashi. Bawul na ƙarfe aka sa mata, in ɗaki ya yi tsit kana jin ƙararsa ƙyas ƙyas, ita da kanta take cewa "Kawu zo ka ji." Toh daga nan ne na gane cewa a wajenmu kwana 30 ɗin nan bai isa ba ko kaɗan. Mai bawul na ƙarfe zai sha wafarin har ƙarshen rayuwarsa, maganin tsinka jini, kuma sai ana gwajin da suke cewa INR a kai a kai, in jinin ya yi kauri ya daskare a kan bawul ɗin ko gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, in ya tsinke da yawa kuma a yi ta zubar jini. Tana da ɗan littafi da ake rubuta sakamakon, kwanan wata, lamba, ƙwaya nawa za ta sha, mu muna cikin gari muna iya zuwa, wanda yake ƙauye sai ya biya kuɗin mota ya biya na gwaji fa? Ga maganar aure da ciki, dan wafarin na iya cutar da jariri musamman a watannin farko, sai an tsara da likita tun kafin a ɗauki cikin. Wannan duk bayan kwana 30 yake faruwa, lokacin baƙin likitoci sun daɗe da hawa jirgi.

Kuma irin ciwonta, wato lalacewar bawul da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, shi ne ya fi yawa a wajenmu, ba irin na tsofaffin Turai ba. Binciken REMEDY ya bi masu wannan ciwon su 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yemen, har da Najeriya a ciki, rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, biyu cikin uku mata ne, kuma cikin shekara biyu kusan kashi 17 cikin 100 sun rasu. Yarinya 'yar shekara 20 da aka sa wa bawul, tambayar ita ce shekara 10 nan gaba tana ina. Rajistar da za ta amfane mu sai ta bi mutum har gida, wata shida, shekara, shekara biyar, da lambar wayarsa da ta wani ɗan uwansa saboda layi na ɓata.

Na san abin da likitoci ke tsoro kuma tsoronsu na da tushe. A New York bayan an buga sunaye an yi ta ƙorafin cewa wasu likitocin sun fara gudun marasa lafiyar da ciwonsu ya yi tsanani dan kada lissafinsu ya ɓaci, wasu kuma an zarge su da ƙara gishiri a tsananin ciwon a takarda. Mu kuwa kusan kowa sai ciwo ya ci jiki yake isowa, ƙafa ta kumbura, hanta ta kumbura, in aka kwatanta likitan da ya karɓi irin waɗannan da wanda ke zaɓar masu sauƙi kai tsaye an zalunce shi. Shi ya sa ake da ma'aunin haɗari irin su EuroSCORE da ya fito a 1999, a lissafa abin da ake tsammani gwargwadon ciwon mutum sannan a kwatanta da abin da ya faru, sai dai da marasa lafiyar Turai aka gina shi, mu kuma ba za mu taɓa samun namu ba sai mun tara namu alƙaluman. Ga kuma ƙarancin aikin, asibitin da ya yi 20 a shekara in mutum ɗaya ya rasu kashi 5 kenan, in biyu ne ya koma kashi 10, ba za ka yanke hukunci da shekara ɗaya ba sai an haɗa uku ko fiye. Dan haka ni ra'ayina a fara da sunan asibiti ba sunan likita ba, tunda aikin zuciya ba na mutum ɗaya ba ne, akwai mai sa barci, mai kula da injin, nas-nas na ɗakin kulawa ta musamman da ke kwana a tsaye, bankin jini, har da mai janareta. Amma ɓoyewa gaba ɗaya kam a'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wanda zai ce ba za mu iya ba, ya dubi rajistar PEACE da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano a kan ciwon zuciyar da ke kama mata wajen haihuwa. Tun shekarun 1970 da aka yi rubutu a kansa a Zariya ake ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa, da aka tattara bayanai daga asibitoci a faɗin ƙasar sai alƙaluman suka fi nuna rama da rashin ilimin boko da rashin aikin yi da hawan jinin masu ciki. Ba na tiyata ba ne, amma ya nuna mutanenmu sun iya aikin in an ba su dama.

Abin da ke kashe irin wannan aikin yawanci ƙarami ne, wa zai cike fom ɗin. In aka bar wa ƙaramin likitan da ya kwana a tsaye ya shigar da bayanai da asuba, wata biyu za a yi a watsar. Sai an ɗauki ma'aikaci a kowane asibiti wanda aikinsa kenan, da albashinsa da kwamfuta da katin waya na kiran marasa lafiya, a kuma riƙa turo wani daga waje ya ɗauki fayil-fayil ya gwada da abin da aka shigar. Sannan ga waɗanda ake kaiwa Indiya da Masar, da waɗanda suka je cibiyar Salam ta Khartoum da ƙungiyar Emergency ta buɗe a 2007 tana yi kyauta, su ma da bawul a ƙirjinsu suke dawowa kuma asibitocinmu ne za su ci gaba da ganinsu. Duk gwamnatin jiha ko gidauniyar da ta biya wa mutum kuɗin aiki a waje, ta sa sharaɗin a dawo da takardar aikin a shigar da shi cikin kundin tun ranar da ya fara zuwa gwajin INR a gida.