Haɗa na'urorin awon foraj da tauraron ɗan adam a arewacin Maradi

Tsakanin Dakoro da Bermo akwai foraj da yawa da rezon salula ba ya kaiwa, ko ya zo da safe ya ɓace da rana. A irin waɗannan wurare muka dasa na'urori masu auna ruwan shato, masu karanta mitar ruwa, da masu duba ƙarfin batir. Aikin shi ne labarinsu ya iso Maradi kullum.

Ba mu sa wa kowace na'ura modem ɗin tauraro ba, wato abin da ke aika saƙo zuwa tauraron ɗan adam, don kowane modem da kuɗinsa na wata. Sai dai rijiyar da ke can ita kaɗai, ba maƙwabciya. Sauran mun haɗa su da rediyon LoRa, mai kai ƙaramin saƙo nesa da ƴar wuta kaɗan, a kan mita 868 MHz, suna aika wa akwati guda da ke saman shato. A filin da ba tudu, eriya mai tsayin mita goma tana jin na'urar da ke nisan kilomita biyar, wani lokaci fiye. Akwatin nan ne kaɗai ke magana da sama.

Hanya biyu muka gwada. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, intanet ne cikakke, amma yana cin wuta. Ƙaramin samfurin Mini yana jan kusan wat 30, ke nan wat-awa 720 a kwana, wajen 60 Ah a batir mai volt 12. A hadari mai ƙarfi kuma yakan yanke. Idan wurin akwai likita ko makaranta da za su amfana, ya biya. Don lambobin mita kawai, asara ce. Can muka koma Iridium: taurari 66 a nisan kilomita 780 daga ƙasa, ruwan sama bai cika damun su ba, modem ɗin yana barci sai lokacin aike. Sharaɗinsa, saƙo ɗaya ba ya wuce bayit 340, wato kamar harafi 340.

Wannan iyaka ita ta tsara mana komai. Kowace na'ura bayit 10 muka ba ta: 2 lambarta, 2 zurfin ruwa, 4 mita, 1 batir, 1 alamar matsala. Na'ura 30 sun ci 300, ragowar 40 na kwanan wata da lafiyar akwatin. Ba a aika kalma, lamba zalla, sai kwamfutar ofis ta warware. Sau huɗu a kwana ya wadatar. Abin gaggawa kamar tsayawar famfo shi ke fita nan take.

Matsalar da ta fi ɓoyuwa ita ce karo. Idan duk na'urori suka farka ƙarfe shida daidai, sai su yi ta magana lokaci guda kamar ranar kasuwa, akwatin bai ji kowa ba. Na nesa sun fi shan wahala, don a saitin rediyo na nesa, SF12, saƙo yana ɗaukar kusan sakan ɗaya da rabi a iska, alhali a SF7, saitin na kusa, bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Maganinsa, kowace ta ƙara jinkirin da ta ga dama, daga sifili zuwa minti goma, kafin ta aika.

Eriyar Iridium tana son sarari ta ko'ina, saboda taurarin wucewa suke, mintoci kaɗan wani ya ɓace wani ya ɓullo. Jikin shato ko reshen dogon yaro ya isa ya tare rabin sama. A ɗora ta can ƙololuwa, wayarta kada ta wuce mita uku. Saƙon da bai fita ba a ajiye shi a katin memori, a sake gwadawa.

Amma fa yawancin yankewar da muka gani ba daga tauraro take ba. Zafin Afrilu da Mayu yana cinye batir mai ruwa idan akwatin ƙarfe na cikin rana, shi ya sa muka koma farin akwati da ƴar rumfa a kansa, da batirin litiyom irin LiFePO4. Ƙurar hunturu tana rufe panon sola, dole a yi magana da mai gadin foraj ya riƙa gogewa duk mako. Waya ta shigo akwati ta ƙasa, a toshe ramin saboda tururuwa, a sa ta cikin tiyo inda awaki ke kaiwa. Kafin watan Yuni a kafa ƙarfen kariyar tsawa a ɗaure shi da ƙasa, kuma tun kafin odar kaya a tambayi ARCEP, hukumar da ke kula da sadarwa, ko modem ɗin yana da izinin aiki a Nijar.