Kwano biyu na shinkafa a ƙofar aji

An kusa shekara da faruwar abin, amma har yau in na zo shiga ajin nan sai idona ya kai kan simintin ƙofar, kunya ta sake kama ni.

Yara ashirin da uku gare ni, 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Ni da kaina na roƙi shugabar makaranta ta ba ni minti arba'in duk Alhamis, in riƙa nuna musu aikin hannun mutanen wasu ƙasashe. Mun fara da origami, naɗin takarda na Japanawa, kowa ya tafi gida da kwale-kwalensa yana murna. Wannan ba shi da wani labari. A mako na huɗu na jawo wa kaina.

A waya na ga wani zane da matan Tamil Nadu, can kudancin Indiya, suke yi a ƙofar gida, kolam suke ce masa. Ɗigo-ɗigo ake jerawa, sai a ja layi yana lanƙwasa tsakaninsu har ya komo inda ya taso. Na ce ai ga lissafi ga zane a wuri guda. Na ga an ce da garin shinkafa ake yi. Ban tsaya tambayar dalili ba, na auno kwano biyu da kuɗin aljihuna na kai niƙa.

Zanen kam ya yi kyau. Ana kaɗa ƙararrawar tashi yara suka kwaso da gudu ta kansa, daidai lokacin da wata Hajiya ta zo ɗaukar jikanta. Ta sunkuya, ta dangwala, ta murza a yatsa.

"Malama, mene ne wannan?"

"Garin shinkafa ne, Hajiya."

"'Yar nan, abincin kika zube wa yara suna takawa? A wannan marra?"

Na kasa cewa uffan. Mu da aka rene mu in ƙwayar tuwo ta faɗi a ɗauke ta a kai gefe, ga ni na shimfiɗa kwano biyu a hanyar takalma.

Washegari mahaifin wata yarinya ya zo, shi bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama, ni ma'anar zanen nake tambaya. Su me suke nufi da shi?" Ban sani ba. Wannan ya fi faɗan Hajiya yi mini ciwo. Sai da dare na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun kafin in je wurin mai awo. Ashe da sassafe suke zana shi, bayan sun share ƙofar gida sun yayyafa ruwa, kuma garin shinkafar don tururuwa da tsuntsaye su samu na ci ne. Da na san wannan, da na samu abin faɗa wa Hajiya, don ita ma ba za ta rasa watsa wa tsuntsaye tsaba sadaka ba. Amma akwai sauran bayani: masu addinin Hindu suna yin sa ne don marabtar Lakshmi, wadda suke bauta wa. Ni kuwa na sa 'ya'yan mutane sun zana shi a ƙofar aji ban gaya wa kowa komai ba, don ni ma ban san komai ba.

Shugaba ta dakatar da darasin har ƙarshen zangon. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. A raina na ce gidajen nan fa finafinan Indiya ake kwana kallo. Sai dai fim ba malamar makaranta ce ta kunna musu ba, kuma mutumin bai ce kar a koyar ba, tambaya ya yi.

Da aka dawo mini da Alhamis ɗina sai na ɗauko adinkra, tambarin da Ashantawan Ghana suke bugawa a jikin yadi. Wannan karon sai da na bi diddigi. A garin Ntonso, kusa da Kumasi, da ƙwarya suke sassaƙa tambarin, tawadar kuma ɓawon itace ake dafawa har ya yi kauri. Asali tufar zaman makoki ce. Duk na rubuta wa iyaye a 'yar takarda tun ana saura mako guda, har da tambarin da na zaɓa: sankofa, tsuntsun da ya waiwaya baya, wato ka koma ka ɗauko abin da ka bari. Ba wanda ya ce a'a. Duk malamar da za ta gwada irin wannan, don Allah ta yi takardar nan tukun. In kuma lanƙwasar layin kolam ce ta burge ta, alli a kan allo ya wadatar, ta bar shinkafa a tukunya.

Da dankali na yi niyyar yanka tambarin, sai na tuna shi ma abinci ne, na fasa. Na aika a tambayo mini mai fasasshiyar ƙwarya. Hajiyar nan ce ta turo jikanta da sakaina cike da leda, ta ce ya kai wa Malama mai shinkafa.