Binciken ruwan Jakara ya iso ƙauyenmu

Jiya bayan la'asar wani ɗan garinmu da ke koyarwa a jami'a ya tara mu a ƙofar gidan mai unguwa, ya yi mana bayanin bincikensa kan ruwan da muke noman rani da shi, wallahi har yanzu abin na raina. Ya ce Jakara, rafin nan, tun daga cikin birnin Kano take kwaso ruwan kwatami, rafin Getsi kuma ya haɗe da ita ɗauke da dattin masana'antun Bompai, duk su gangaro dam ɗin Wasai nan Minjibir, mu kuma mu tada inji mu shayar da latas da alayyahu. Akwai dalma a ciki, akwai sinadarin jimar fata, ido baya gani, kuma wanda ganye ya riga ya sha ko an wanke baya fita. Kayan nan fa kasuwar ’Yankaba muke kaiwa, mutanen birnin ne ke ci.

Wani dattijo ya ce "ɗana, to mu bar lambu mu ci me?" Malamin ya durƙusa ya ce "Baba, ba ku ne da laifi ba, can ya kamata a tace ruwan kafin a sako shi."

Abin da ya dame ni, irin wannan aikin jibge yake a laburare da Turanci, mu da abin ya shafa ba mu da labari. Don Allah malamanmu na jami'a ku riƙa shiga rediyo da Hausa, ku zo mana ranar kasuwa, za mu saurara.