Daisodiyam EDTA ko tetrasodiyam EDTA, wanne za ka zuba?

Ranar da na fara haɗa sabulun ruwa da EDTA sai da na kusa zubar da bokitin gaba ɗaya. Sabulu ya fito garau kamar zuma, ina ta murna, na ɗauko daisodiyam EDTA ɗin da nake sa wa man shafawa na narkar na juye ciki, kafin in ajiye cokali abu ya koma fari-fari kamar an ɗiga madara. Na zargi mai, na zargi ma'auni, ashe nau'in EDTA ɗin da na ɗauko ne ba na wurin ba.

Shi dai EDTA aikinsa ɗaya ne, damƙe ƙwayoyin ƙarfe da ke yawo cikin ruwa da kayan haɗi, irin su kalsiyam da maganiziyam da baƙin ƙarfe da tagulla. Sunan da masu kimiyya suka ba wannan aiki ma daga Girkanci ya fito, daga kalmar da ke nufin hannun ƙaguwa, kuma wallahi sunan ya dace don in ya kama ba ya saki. Tun 1935 wani masanin kimiyya, Ferdinand Münz, ya haɗa EDTA a Jamus. Kalsiyam da maganiziyam su ne ke kashe kumfa su bar wannan dauɗar a jikin baho, shi kuwa baƙin ƙarfe da tagulla ko ɗan mitsitsi ne sai su sa mai ya yi warin tsufa da wuri, kala ta juye, turare ya canza. Sannan yana taimaka wa maganin hana lalacewa, don yana zare kalsiyam da maganiziyam daga bangon wasu ƙwayoyin cuta masu taurin kai kamar Pseudomonas sai maganin ya samu hanyar shiga. Amma fa shi kaɗai ba ya tsare kaya, kar wani ya ce ya sa EDTA shi kenan ya gama.

To abin da na daɗe ban gane ba shi ne daisodiyam da tetrasodiyam, nau'o'in EDTA biyu, ƙaguwa ɗaya ce. Da zarar sun narke ka daidaita pH ɗin kayanka (wato ma'aunin tsami, ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuwa alkali, kishiyar tsami), pH ɗin ne ke yanke yadda za su kasance a ciki, babu wani wanda ya fi wani tsarki ko ƙarfi kamar yadda ake ta yaɗawa. Bambancin yana wajen inda kowanne ke jan haɗinka lokacin da ya shiga. Daisodiyam in ka narkar da kashi 1 cikin 100 a ruwa pH ɗinsa na zama tsakanin 4 da 6, wato mai ɗan tsami ne, tetrasodiyam kuwa yana haura 10. Sabulu na gaske yana zaune ne wajen 9 zuwa 10, ka ga da na zuba mai tsami sai ya ja shi ƙasa, wani sashen sabulun ya koma kitse, shi ne farin da na gani.

Haka in ka juya abin. Loshan ko shamfu da kake so ya tsaya wajen 5, musamman in da sodiyam benzowet kake tsare shi wanda sai da tsami yake aiki, ka zuba tetrasodiyam ba ka sake aunawa ba to ka ɗaga pH ka raunana maganinka da hannunka. Ana iya sa shi ɗin a gyara da ruwan sitirik asid mai tsami, ni dai ina ganin wahala ce ba dalili.

Sai narkewa. Daisodiyam malalaci ne, wajen giram 10 kawai yake narkewa a ruwa mililita 100 kuma yana ɗaukar lokaci, shi ya sa nake sa shi farko a ruwan ɗumi tun kafin komai ya shiga. Tetrasodiyam nan da nan yake ɓacewa, sau da yawa ma a ruwa ake sayar da shi mai ƙarfin kusan kashi 40, don haka a duba takarda, wanda ya auna ruwan kamar gari bai sa ko rabin abin da yake zato ba. Ni tsakanin kashi 0.05 da 0.2 cikin 100 na haɗin nake tsayawa. Akwai kuma kalsiyam daisodiyam EDTA, wannan hannunsa riƙe yake da kalsiyam tun daga kamfani, ba zai gyara maka ruwan da ke kashe kumfa ba.

Abin da ke ɗan damuna da EDTA shi ne ba ya ruɓewa da sauƙi in ya bi ruwa ya fita. Shi ya sa yanzu a sabulun ruwa na koma GLDA, wani mai damƙe ƙarfe kamar EDTA wanda ake yi daga gulutamik asid, yana ruɓewa kuma shi ma ɓangaren alkali yake. Cikin sauran masu damƙe ƙarfe, sodiyam faitet na gwada a kirim ya yi daidai, sitiret kuwa riƙonsa sako-sako ne. A loshan dai har yanzu daisodiyam ɗina nake ɗaukowa, sai dai na rubuta wa kowace roba suna da manyan baƙaƙe a kan murfi.