Godiya ga waɗanda suka tsaya mini bayan karayar da na samu a kan tsauni

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yau mako uku da dawowata gida Daura, kuma jiya ne na fara takawa daga zaure zuwa masallaci da sanda ɗaya, don haka na ga bai kamata in ƙara jinkirta wannan godiya ba. Kun bi labarin tun daga ranar da aka ɗauke ni har zuwa aikin da aka yi mini a cinya, ba sai na maimaita ba.

Da yawa sun tambayi yadda mutum zai karye a kan dusar ƙanƙara cikin watan Agusta. A can ƙarshen kwarin Zillertal, a yankin Tirol na ƙasar Ostiriya, akwai tsohuwar ƙanƙarar Hintertux da ba ta ƙarewa ko da zafi, inda ake hawa har mita 3,250 a yi wasan zamiya a kan dusar da dogayen katakai a ƙafa. Sai dai da sassafe ake yin ta a wannan lokaci, domin rana na ɗagawa dusar take laushi ta riƙa kama katakon ƙafa. Na san haka sarai, amma na ce bari in ƙara sauka ɗaya. Laifin nawa ne, ba na kowa ba.

Abin da ba ya barin zuciyata shi ne zaman da na yi kafin isowar jirgi mai saukar ungulu. Ina kwance ina kallon sama, sanyi na ratsa bayana, ina maimaita kalmar shahada, kuma tsorona bai wuce in cika a inda babu wanda ya san yadda ake yi wa Musulmi wanka ba. Sai ga wani dattijo Bature ya tsaya. Ya cire katakan ƙafarsa ya kafa su a gicciye daga samana, alamar da ke gaya wa masu gangarowa cewa akwai wanda ya ji rauni, ya kira 140, lambar masu ceto a kan tsauni, sannan ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ni, shi kuma ya durƙusa a gefen da iska ke busowa. Da ya ga idona na lumshewa, sai ya tambaye ni garinmu. Haka na yi ta ba shi labarin rijiyar Kusugu da Bayajida, haƙorana na karo da juna, shi kuma da na yi shiru sai ya jefo wata tambayar. Daga baya ne na gane ba macijin ya dame shi ba. Ban san sunansa ba, ban kuma sake ganinsa ba. Allah Ya saka masa da mafificin abin da Yake saka wa mai alheri.

Na gida sun ce kada in ambace su, amma ba zan iya ba. Yayata babba ta kwana goma sha ɗaya a ɗakin Inna tana ɓoye mata hotunan asibiti. Baffa ya kira ni yana cewa ya riga ya yi magana da mai ɗori, sai da na yi masa bayanin cewa ƙarfe aka sa a cikin ƙashin. Na yi dariya har ɗinkin ya motsa, amma na san daga inda maganar ta fito. Limamin masallacinmu da jama'arsa sun sa ni a addu'a bayan kowace Asuba. 'Yan'uwa Musulmi na birnin Insburuk, inda aka kwantar da ni a asibiti, su kuwa suna kawo mini abinci bi da bi har aka sallame ni. Allah Ya ba ku lafiya mai ɗorewa, Ya raya muku zuri'a, Ya jiƙan magabatanku, Ya sa kada ku ga ranar da za ku nemi mai tsaya muku ku rasa.

Akwai kuma waɗanda tsakaninmu da su bai wuce lungu biyu ba, amma har yau ban ga ƙeyarsu ba, sai dai na ji an ce ai shi ya kai kansa. Gaskiya suka faɗa. Na yi zaton dai zumunci bai duba wannan.

Ba zan ɓoye muku ba, shekara shida na yi a cikin tsaunukan nan, kuma ban taɓa jin ƙanƙantar kaina a gaban Ubangiji ba kamar idan na tsaya da hantsi gajimare na ƙarƙashina, babu motsin komai sai numfashina. Inna ta roƙe ni in yi mata alkawarin ba zan ƙara hawa ba. Na ce mata, "Inna, ki bari in ajiye sandar nan tukuna," ita kuma ta ce fasfona yana cikin adakarta.