Sai a karo na huɗu takardar nan ta kwanta

Jama'a yau dai na rabu da ciwon kan nan. Sati uku ke nan ina fama da tsohon Baibul ɗin da nake sake wa bango, ba ma fatar ba fa, takardar ciki mai haɗa bango da littafin. Sau uku ina mannawa in danne da katako da nauyi ya kwana, da safe in buɗe in tarar ta yamutse, har ta jawo shafukan farko na Farawa su ma sun lanƙwashe. Ran na ukun rufe shi na yi na bar ɗakin, raina ya ɓaci sosai.

Da farko gam na zarga. Na ce kwaɓin alkamar ya cika ruwa, tunda takardar Baibul yawanci nauyinta a kowace murabba'in mita bai wuce giram 30 da wani abu ba, ta ofis kuwa 80 ce, ɗan danshi kaɗan ya ishe ta tashi. Na ƙara masa kauri, na haɗa da farin gam ɗin nan da ake kira PVA, na sa ledar kare danshi a tsakani, an ɗan samu sauƙi amma yamutsin bakin ɗinki na nan daram.

Ashe laifina ne, rowa ce ta ja min. Takardar da na saya ta ci min kuɗi ba kaɗan ba, sai na yanka ta a kwance don falle ɗaya ya ba ni huɗu, na manta zaren takarda, wato inda jijiyoyin jikinta suka miƙe, dole ya bi tsayin littafi, sama zuwa ƙasa. In ta sha ruwa gefe take buɗewa, tawa kuwa tana son buɗewa ta tsaye ɗinki ya riƙe ta, ina za ta? Na yanki guntu na jiƙa masa fuska ɗaya, yadda ya naɗe ya nuna min komai. Sabon falle na yanka, biyu kacal suka fita, sauran asara.

Yau da safe na ɗaga katakon hannuna har rawa yake. Shimfiɗe lumui, ko ɗigon yamutsi babu!

Wani abu kuma, garin dubawa na ɗaga shafin Zabura 119 saitin taga, sai na ga layin gaba da na baya sun hau kan juna cif, shi ya sa rubutun baya ba ya damun ido duk da takardar kamar fatar albasa. Shekara nawa ina karanta shi ban lura ba. Ɗinkin zare ne kuma ba gam ba, ka buɗe Ishaya ya kwanta da kansa ba sai ka danne ba. Ni ko ruwan zinaren bakin shafi bai burge ni kamar wannan ba. Shafi mai rubutu gida biyu daɗaɗɗen abu ne, ko Baibul ɗin da maɗabin Jamus Gutenberg ya buga wajen 1455 haka yake, layi 42, amma daidaita layi a siririyar takarda haka sai wanda ya damu da mai karatu.

Saura kusurwoyin fatar akuyar, biyu sun yi kauri sai na sake fere su, wuƙar kuma ta dushe. Zaren alamar shafi ma ban yanke ba tukuna, ja ko ruwan ƙasa.