Bin turaku daga Ash River zuwa Kettle Falls

Sau biyu muka ɗaura niyyar wannan tafiya, ni da abokina mutumin Damagaram da muke aiki tare a Minneapolis. Ta farko ta rushe a hunturun 2023 zuwa 2024, shekarar da dusar ƙanƙara ta ƙi sauka a Minnesota. Har cikin Fabrairu ƙasa na nan a fili a wurare da yawa, mai ba da hayar babur ɗin ƙanƙara ya kira ya ce mu haƙura, ya mayar mana da kuɗinmu. Sai da shekara ta zagayo Allah Ya nufa.

Inda muka nufa shi ne gandun Voyageurs, wanda aka kafa a 1975 a kan iyakar Amurka da Kanada. Manyan tafkuna huɗu ne a cikinsa: Rainy, Kabetogama, Namakan da Sand Point. Da bazara sai da kwale-kwale ake yawo a ciki. Idan sanyi ya kankama ruwan ya daskare, ma'aikatan gandun kan bi suna huda ƙanƙara suna auna kaurinta, inda ta yi ƙwari su kakkafa turaku a jere, har a samu hanyar babur ta kimanin mil 110. Kowace hanya da launinta a taswira. Koriya ita ce doguwa, ta ratso daga Rainy ta bi Kabetogama da Ash River, ɗaya daga cikin ƙofofin shiga gandun, har Crane Lake. Mu rawaya muka zaɓa, wadda ta tashi daga Ash River ta kai Kettle Falls. Mako guda kafin tafiya kullum sai na buɗe rahoton da hukumar gandun ke fitarwa, ina neman abu uku a gaban sunan hanyarmu: an buɗe ta, an kafa turaku, an bi ta da injin daddalewa. Wanda ya ga na farko kaɗai ya ɗauki hanya, ya yi gaggawa.

Tafiyar daga Minneapolis zuwa Ash River kusan awa biyar ce a mota, rabin ƙarshe a kan babbar hanya mai lamba 53. Mun kwana, da safe ma'aunin sanyi na nuna 24 ƙasa da sifili. Numfashin farko da na ja a waje sai na ji gashin hancina ya ƙame.

Wani dattijo ɗan yankin ne ya amince ya ja mu. Ya nuna mana babur ɗin: gaba ƙafafu biyu masu sulɓi, baya faffaɗan bel na roba mai haƙora, totur a ƙarƙashin babban yatsan dama, birki a hagu. Wannan bai ɗauke shi minti biyar ba. A kan ƙanƙara ya daɗe yana magana. Ya ce ƙa'idar hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ita ce inci 4 na sabuwar ƙanƙara garau kafin mutum ya taka da ƙafa, inci 5 zuwa 7 kafin babur ya hau. Farar ƙanƙara kuwa, wadda dusa da ruwa suka cakuɗa suka daskare, ƙarfinta rabin na garau ne, sai a ninka lissafin. Kuma tafki ɗaya ba ya daskarewa bai ɗaya. A mashigai masu ƙunci tsakanin tsibirai ruwa na gudu ta ƙasa yana cin ƙanƙarar, shi ya sa hanya kan bar tafki ta hau tudu ta kewaye wurin. Gudu a kan tafki ba ya wuce mil 45 a awa, a waɗannan hanyoyin tudu kuwa 25.

"Yarana," in ji shi, yana gyara mini igiyar hular kwano, "inda turaku suka bi, nan za ku bi. Ko kun ga sawun wani ya ratse, ba ruwanku."

Muka shiga. Ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Fari fat har inda ido ya tsaya, tsibirai baƙi-baƙi da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, can nesa bukkokin masu kamun kifi da hayaƙi na tashi daga kansu. Abokina ya ce ya tuna masa da hanyar Agadez, kuma da gaskiyarsa, don a can ma wanda ya san hanya shi ake bi. A wata hanyar tudu dattijon ya ɗaga hannun hagu muka tsaya, ya nuna mana sawun kyarkeci a gefe, ya kusa faɗin tafin hannuna.

Bayan mun shiga Namakan sosai ne na yi kuskure. Wasu babura uku suka taho daga gaba, na kauce musu fiye da kima, na fita daga layin turaku da 'yan taku kaɗan. Nan take na ji babur ya yi nauyi, injin na kuka amma ba ya gaba. Na waiga, sai na ga sawuna ya zama toka-toka, ruwa na tasowa a ciki. Gabana ya faɗi, na ɗauka ƙanƙara ce ta fashe, na shiga salati. Ashe caɓi ne. Idan dusa ta taru da yawa, nauyinta kan danne ƙanƙarar, ruwa ya ɓullo ta tsagu ya kwanta a tsakani, dusar sama kuma ta rufe shi kamar bargo ta hana shi daskarewa. Daga sama ba abin da zai nuna maka. Ƙanƙarar ƙasa lafiyarta ƙalau, amma babur ya kafe, kuma idan aka bar shi caɓin zai daskare a cikin bel ɗin ya zama dutse.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya sa muka tattake dusar gaban babur da ƙafa har ta yi tauri, muka ɗaga bayansa mu uku muka aza a kan busasshen wuri, ya sa hannu yana ƙwaƙulo caɓin daga ƙarƙashi. Sannan shi da abokina suka kama ƙafafun gaba suna ja, ni ina gefe ina danna totur a hankali. Sai a karo na uku ya fita. Ruwa ya shiga takalmina na hagu, kuma a irin wannan sanyi jiƙaƙƙiyar ƙafa ba abin jira ba ce. Abokina ya ciro safa daga jakarsa.

"Malam, zauna ka cire, yanzu-yanzu," ya ce, ya durƙusa ya kwance mini igiyar da kansa, don yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa.

Safar nan ta ƙari tana cikin jerin da dattijon ya turo mana tun muna gida, tare da igiya, ƙaramin shebur, ashana, shayi a fulas, taswirar takarda, da gargaɗin a sa waya a aljihun ciki domin sanyi na shanye batir. Ya kuma sa mun gaya wa masu masaukinmu hanyar da za mu bi da lokacin dawowa, saboda sabis na ɗaukewa a cikin gandun.

Mun isa Kettle Falls rana ta ɗan karkata. Akwai tsohuwar madatsar ruwa da otel da ya haura shekara ɗari, daga zamanin masu saran katako. A nan mutum kan tsaya a ƙasar Amurka ya dubi kudu ya hango Kanada. Kusa da madatsar ruwa na gudu baƙi ƙirin, tururi na tashi a kansa, duk da sanyin nan bai daskare ba. Na daɗe ina kallonsa.

Muka shimfiɗa riga a kan dusa muka haɗa azahar da la'asar, dattijon na gefe yana zuba mana shayi. Ya dubi rana, ya dubi ma'aunin man kowane babur, ya ce ƙarfe biyu da rabi za mu juya, don wajen biyar da rabi duhu ke shiga. A komowa ya sa ni a tsakiya, shi a gaba, abokina a baya.